Ina ya kamata in tsaya in yi mata tayin aure, Faris ko Santambul?

"Salam, dan Allah shawara nake nema. Ƙarshen watan Nuwamba za mu yi 'yar gajeriyar tafiya ta kwana uku, ni da yarinyar da nake so da yayarta da mijin yayar, har yanzu ba mu tsayar ba tsakanin Faris da Santambul. Na riga na sayi zobe, so nake in yi mata tayin aure a can ba tare da ta san zan yi ba. Tunanina saman hasumiyar Eiffel da daddare, ko kuma wani haɗaɗɗen gidan abinci. Wane wuri ne ya fi dacewa? Ita dai mai kunya ce sosai, ba na so in kwafsa."

Toh ƙanina wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Ni sana'ata ɗaukar hoto ce, kuma kaso mai yawa na aikina irin naka ne, saurayi ya kira ni ya ce zai yi wa wadda yake so tayin aure a wani birni, in riga su zuwa in laɓe daga nesa da kamara in jira. Shekaru ke nan ina yi, na tsaya cikin ruwan sama, na tsaya cikin sanyin da yatsana ba ya jin maɓallin kamara, na ga wanda abin ya yi kyau har ni kaina sai da na share ƙwalla, na kuma ga wanda na koma otal ina jin tausayin yarinyar har cikin raina. Dan haka abinda zan faɗa maka abin da idona ya gani ne.

In na fahimce ka da kyau, kana tambayar wane wuri ya fi kyau, kuma ka riga ka ajiye guda biyu a ranka, saman hasumiya da gidan abinci. Amma akwai wata magana da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, ka ce ita mai kunya ce sosai. Wallahi wannan maganar ita ce rabin amsarka. Wurin da kake nema shi ne inda za ka yi mata magana da muryar nan da ka saba yi mata ta ji ka ba sai ka ɗaga ba, ita ma ta samu sararin yin duk abinda ya zo mata, kuka ne ko dariya ko rufe fuska da tafin hannu, ba tare da idon jama'a da wayoyinsu a kanta ba. Kyan wuri daga baya yake zuwa. Abin duka duka bai fi minti biyar ba fa, kuma waɗannan mintuna biyar ɗin su za ta yi ta ba da labarinsu har ta tsufa, in hayaniya ta cinye su shi ke nan ba a sakewa.

Kafin in shiga maganar wurare bari in ce wani abu a taƙaice, ina fata maganar aure ta riga ta shiga tsakaninku ko da sau ɗaya, ka san ra'ayinta, na gidansu ma ba su cikin duhu. Rana da wuri su ake ɓoye mata. Amma ka ɗauki mace ka kai ta wata ƙasa, tikitin komawarta yana hannunka, sannan ka jefo mata tambayar da ba ta taɓa zato ba a gaban mutane, ka matse ta ke nan, ko ta ce e ba za ka san daga ina e ɗin ta fito ba.

Saman hasumiyar Eiffel

Kusan duk wanda ya kira ni kan Faris da wannan yake farawa, kuma na gane dalili. An gama ginin nan a 1889, tsayinsa yanzu mita 330, bene na ƙarshe da baƙi ke hawa yana mita 276 daga ƙasa, in ka tsaya a can ka ga birnin ya shimfiɗu da fitilu dole jikinka ya yi sanyi. Sai dai ka dubi yanda za ku kai can. Za ku bi layin masu bincike tun daga shinge, ku sake bin wani a ƙafar hasumiyar, ana buɗe jaka ana sa mutum ya fito da abin aljihunsa, kai kuma ga akwatin zobe a jikinka ita tana tsaye a gefenka. Ku hau lifta zuwa bene na biyu, ku sauka ku sake bin wani layin na liftar da ke kaiwa ƙololuwa. Kafin ku isa kun gaji, kai kuma gabanka sai faɗuwa yake tun ƙasa. Saman kansa ɗan siririn wuri ne an kewaye shi da ragar ƙarfe, mutane kafaɗa da kafaɗa kowa yana neman inda zai zura waya, ga iskar ƙarshen Nuwamba tana yankan kunne. In iskar ta yi yawa ma rufe saman suke yi ko da tikitinka a hannu.

Akwai wani bawan Allah da na yi na yi da shi ya ƙi, ya ce shi saman nan ya ƙudurta tun yana yaro. Muka hau cikin hunturu. Ya durƙusa, wani mai jakar goyo ya juya ya buge shi a kafaɗa bai ma sani ba, kafin ya buɗe akwatin mutane sun kewaye su suna ihu suna tafi, wayoyi a sama. Yarinyar ta ja gyalenta ta rufe fuska gaba ɗaya tana gyaɗa kai, leɓenta na rawa dan sanyi. Da muka sauko ina nuna musu hotuna sai ta juya ta ce masa a hankali, wai me ka ce ne ɗazu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Mutumin nan sati biyu ya yi yana shirya maganar. Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai in ji ba daɗi.

Sannan ga abinda mutane ke mantawa, in kana kan hasumiya ai ba ka ganin hasumiya. Walƙiyar nan da take yi ta ƙwan fitila 20,000, minti biyar a farkon kowace awa bayan duhu ya yi, na ƙasa ake yi wa ita. Shi ya sa kullum nake ce wa samari, duk wani sanannen gini ka bar shi ya tsaya a bayanku daga nesa, ku kuma ku nemi inda ƙafa ba ta da yawa.

In Faris kuka zaɓa

Trocadéro shi ne dandalin da ke tsallaken kogin Seine yana kallon hasumiyar ido da ido, yawancin hotunan da kake gani a Instagram can ake ɗauka. Da yamma kar ma ka fara. Cike yake maƙil, ga masu tallan 'yan ƙananan hasumiyoyi sun baza kaya a ƙasa, ga masu furanni da ke jiran su ga namiji ya durƙusa su cusa masa fure a hannu su tsaya jiran kuɗi, ga 'yan sane. Da sanyin safiya ake kamun fara, kuma a nan watan da kuka zaɓa ya taimake ka, dan a ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa a Faris sai bayan ƙarfe takwas, ba kamar Yuni ba da sai mutum ya tashi tun kafin biyar. Ranar ma ta gefen hasumiyar take ɓullowa in gari ya yi garau. Amma ko da safen za ka tarar da masu hoto irina da amare suna jiran juna a tsakiyar dandalin, dan haka in can ɗin kake so ku gangara ta matakalar gefe zuwa cikin lambun da ke ƙasa, akwai lunguna tsakanin bishiyoyi da ake hango hasumiyar ba kowa.

Wurin da ni na fi tura masu budurwa irin taka shi ne gadar Bir-Hakeim da ɗan tsibirin da ke manne da ita. Gadar hawa biyu ce, motoci da masu tafiya a ƙasa, jirgin ƙasa na layi na 6 a sama, ginshiƙan ƙarfe sun jeru a tsakiya kamar zaure mai tsawo, kuma wannan rufin shi ne lemarka in ruwa ya tsuge, wanda a Nuwamba ba abin mamaki ba ne. Daga tsakiyar gadar akwai matakala da ke sauka kan tsibirin Île aux Cygnes, siriri ne tsawonsa kamar mita 850, hanya ɗaya ce da bishiyoyi da bencina hagu da dama, ruwa ta kowane gefe, a can ƙarshensa akwai ƙaramin kwafin mutum-mutumin 'yanci irin na Amurka. Da safe ba ka ganin kowa sai masu gudun motsa jiki da tsofaffi masu yawo da karnuka, su kuma ba ruwansu da ku. Ku zauna a benci tukunna ku ɗan yi hira, hasumiya na leƙowa ta bayan gada, in ka ji numfashinka ya daidaita sai ka fara. In a ƙarƙashin rufin gadar za ka yi, abu biyu ka kiyaye, tsakiyar hanyar masu keke ce suna zuwa da gudu, sannan ka bari jirgi ya wuce ta samanku kafin ka buɗe baki, dan ƙararsa tana haɗiye magana, da ya wuce kana da 'yan mintuna na shiru.

Akwai kuma ɗan lambun Vert-Galant a bakin tsibirin tsakiyar gari, ana sauka ta gadar Pont Neuf wadda aka gama a 1607, tana nan da wata bishiya mai zubo da rassa har ruwa a can ƙarshen, yana kallon yamma, faɗuwar rana a wurin tana da kyau ƙwarai. Matsalarsa in kogin ya cika ruwa na hawowa ya rufe shi, sai ka leƙa ka gani da idonka. Gadar Pont des Arts da ka ji ana cewa gadar kwaɗon masoya, inda masoya ke maƙala kwaɗon kulle a jikin shinge, wannan zamanin ya wuce, nauyin kwaɗunan ya karya wani ɓangaren shingen a 2014, a 2015 hukumar birnin ta kwashe kimanin tan 45 ta sa gilashi, kar ka wahalar da kanka da sayen kwaɗo. Daɓen ta ma katako ne mai 'yan tsage-tsage, ba wurin da zan so hannu mai rawa ya riƙe zobe ba ne. Bangon soyayya na unguwar Montmartre, wanda aka rubuta ina son ki sau 311 cikin harsuna 250, ƙaramin wuri ne kullum da layin masu hoto, ku je bayan ta amsa ku tsaya ku yi ta karantawa, zai fi muku daɗi.

In kuma Santambul ce

A can ma akwai hasumiyar da kowa ke rububi, Galata, wadda aka gina a 1348, har mutanen garin na da wata camfi cewa duk wadda ka fara hawa da ita ita za ka aura. Labarin na da daɗi, amma barandar saman ƙunci gare ta, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, na bayanka na turo ka kana turo na gaba. Duk abinda na faɗa kan Eiffel ka ɗora mata.

Abin da Santambul ta fi da shi ruwa ne, gaɓar tekun Bosphorus da ya raba birnin tsakanin Turai da Asiya doguwa ce, komai yawan jama'a in ka ƙara taku ɗari za ka samu inda ba kowa. Ku hau jirgin ruwan haya daga ɓangaren Turai ku tsallaka Üsküdar a ɓangaren Asiya, tafiyar ba ta da nisa, sai ku bi bakin ruwa da ƙafa zuwa Salacak. Nan ne ake kallon Kız Kulesi, 'yar hasumiyar nan da ke tsaye ita kaɗai a kan dutse cikin ruwa, an gyara ta an sake buɗewa a 2023. Gaɓar yamma take kallo, rana na faɗuwa ta bayan tsohon birni, hasumiyoyin masallatai da tsohuwar fadar sarakuna ta Topkapı su zama baƙin zane a kan jan sama, wallahi ko sau nawa na gani ba ya gundurata. Daidai saitin hasumiyar mutane ke taruwa, ku wuce su ku ƙara gaba kaɗan. Ka kuma lura da wani abu da baƙi ba sa lissafawa, rana na nutsewa kiran sallar magariba zai tashi daga masallatai ta kowace kusurwa, wannan na amsa wa wancan a tsallaken ruwa. Ko dai ka gama maganarka minti goma sha biyar kafin nan lokacin da haske ke da taushi, ko ku yi shiru ku saurara har a idar. Wani saurayi da na yi wa aiki haka ya yi, ta amsa ke nan tana kallon zoben a yatsanta sai kira ya tashi, suka tsaya gefe da gefe ba wanda ya ce uffan har aka gama, ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan nutsuwa ba.

Üsküdar unguwa ce ta masu kamun kai, ba a cika rungume-rungume a titi ba, wannan kuwa ya yi daidai da mai kunya, ba wanda zai yi muku ihu, iyaka wata tsohuwa ta yi murmushi ta wuce. Unguwar Ortaköy da ke ɓangaren Turai ma na da kyau, masallaci a bakin ruwa ga babbar gadar da aka buɗe a 1973 a samansa, amma sai da sassafe, da rana ta ɗaga kasuwa yake zama. Cikin jirgin ruwan kansa mutane na sha'awa, ni dai ba na ba da shawara, ƙarar inji ga iska ga tangaɗi, zobe in ya suɓuce a nan sai dai haƙuri. Sannan a wannan lokacin na shekara akwai iskar kudu maso yamma da suke kira lodos, in ta taso ko hazo ya sauka akan dakatar da jiragen, dan haka ka san hanyar jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku ya fito Üsküdar, kar ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

In ka ce lallai in zaɓar maka tsakanin biyun, sai in ce ka tuna wanne ita ta fi ambata, wane gari ne take turo maka hotonsa, wannan ya fi duk ra'ayina. In kunnen doki ne, ni Santambul zan ɗauka saboda sararin bakin ruwan nan da kuma sanyinta bai kai na Faris cizo ba a ƙarshen Nuwamba. Ka kuma duba maganar biza tun yanzu in fasfonku na buƙata, ta shiga Faransa a ƙa'ida kwana 15 take ɗauka amma tana iya kaiwa 45, na ga shirin da ya rushe a kan wannan kaɗai.

Gidan abinci fa?

Ya fi saman hasumiya ta fuskar ɗumi da wurin zama, amma ga mai kunya kusan duk ɗaya ne. Tebura a manyan biranen nan kusa da juna suke, na gefenku na jin duk abinda kake faɗa, kana durƙusawa ɗakin zai yi tsit kowa ya juyo, kuma ba ta da inda za ta gudu, dole ta zauna ta ci gaba da cin abinci a gaban mutanen da suka gama kallonta tana kuka. Ga ma'aikata, ka shirya da ɗaya wani daban ya zo ya tsaya muku a ka yana tambayar abin sha daidai lokacin da ka fara. Na taɓa ganin inda mai kawo abinci ya taya su murna tun kafin saurayin ya ce komai, dan an gaya masa tebur kaza ne bai san ba a yi ba tukunna. Maganar ɓoye zobe cikin abinci ko kofi kuwa dan Allah ka bar ta, ba tsafta ba aminci. Yanda na fi so shi ne ka yi tayinka a waje inda ku biyu ne, sannan teburin da ka kama ya zama na murna, yaya da mijinta suna can suna jiranku, ka ga ka samu duka biyun.

Rana da lokaci

Kwana uku gare ku, toh rana ta biyu ce taka. Ranar farko kowa a gajiye yake, kai ma ba ka san gari ba. Ranar ƙarshe kuma in ruwa ya ɓata maka ba ka da gobe, ga haɗa kaya ga tunanin filin jirgi, bayan haka ma za ka yi tafiyar gaba ɗaya hankalinka na aljihu, ita kuma za ta lura ka canza ta fara tunanin ko wani laifi ta yi. Mata na gane irin wannan da wuri fa. In ka yi a rana ta biyu, ta uku ta zama ajiya in an samu matsala, in ba a samu ba kuwa kun samu yini guda cur kuna yawo da farin cikinku.

Ka duba lokacin faɗuwar rana na ainihin ranar a wayarka, kar ka yi lissafi da abinda ka saba. A ƙarshen Nuwamba wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi a Faris, Santambul kuma kafin shida. Hasken da ya fi kyau shi ne na awa ɗaya kafin faɗuwar, sai kuma ɗan shuɗin nan na kamar minti ashirin bayanta lokacin da fitilun gari ke kamawa sama ba ta gama duhu ba. Ku isa da wuri da aƙalla rabin awa. Kuma gani ya kori ji, ranar farko ka nemi dalili ka sulale ko na awa ɗaya ne, kai da mijin yayar, ku je wurin a daidai lokacin da kake son yi gobe, ka tsaya a inda za ka tsaya, ka saurari ƙarar wurin, ka ga ko an kafa shingen gyara, dan biranen nan kullum cikin gyara suke kuma hoton Google Maps na iya zama na shekarun baya. Ka zaɓi wuri na biyu mai rufi kusa da nan tun a lokacin.

Zobe, yaya da mai hoto

Zobe a jakar hannu yake tafiya, kar ka kuskura ka sa shi a akwatin da za a auna a jefa cikin jirgi. A filin jirgi ka bar ta ta riga ka wuce wurin bincike, in an ce za a buɗe jakarka ka yi wa ma'aikacin raɗa, sun saba gani. Ranar kuma akwatin zobe yana yin tudu a aljihun wando, ka sa a aljihun ciki na jaket mai zif, ko ka ba mijin yayar ya riƙe har ku kusa isa. In a bakin ruwa ne ka ja baya taku biyu daga shinge kafin ka buɗe, hannu na rawa a lokacin ko kai wane ne, ga sanyi ya sa yatsu sun ƙage.

Yayar nan kuwa babbar kadara ce gare ka in dai tana iya riƙe sirri, kai ka san halinta. Ita za ta sa ƙanwarta ta yi kwalliyar da ba za ta ji haushin hoton ba daga baya, ta ce yau hoto za mu yi ki sa kayan nan, ta tabbatar ta sa takalmin da za ta iya tafiya da shi a kan duwatsun titi da rigar sanyi mai kauri, dan mace in sanyi ya kama ta ko ƙafa na mata ciwo ba abinda za ka faɗa ya shiga. In kun kusa wurin sai su biyun su ja baya, a ce an tsaya amsa waya ko an manta wani abu, su ba ku tazarar da suna hango ku amma ba sa jin ku.

Mai hoto ba dole ba ne, ko da yake sana'ata ce gaskiya ita ce gaskiya. In za ka ɗauka ka nemi wanda zai tsaya nesa da dogon gilashin kamara, ba filas, ba zuwa ya ce ku sake. Ku yi alama tun ana gobe, benci na kaza ko fitilar titi ta kaza, ka tsayar da ita fuskarta na kallon haske. Kayan ado irin su kyandirori da manyan haruffa da shimfiɗar furanni a wurin jama'a galibi sai da izini, kuma su ne ma ke jawo 'yan kallo, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa haramun ne a sararin Faris ba tare da izini na musamman ba. Durƙusawa ma in ka san za ta sa ta jin kunya ka bar ta, kuna zaune a benci ka juyo ka kira sunanta ya wadatar. Abu ɗaya da nake roƙon kowane saurayi shi ne ya rage sauri, da yawa cikin daƙiƙa goma sun gama sun miƙe kamar ana korarsu. Jimla uku ko huɗu ka shirya, abinda ya sa ita ce ba wata ba, ka faɗa a hankali kana kallonta, sannan ka yi tambayar ka yi shiru ka jira.

Ni iyakata wuri da haske da lokaci, su na sani, yarinyar kuwa kai ka san ta, in wani abu a maganata ya ci karo da abinda ka sani game da ita ka bi naka. Na taɓa yin kuskuren ɗauka cewa wata mai shiru-shiru ba za ta so taro ba, ashe ita burinta ke nan 'yan'uwanta su kewaye ta, saurayin ne ya gyara min kuma shi ke da gaskiya. Lokutan buɗewa da rufewa da jadawalin jiragen ruwa kuma suna canzawa da yanayi, ka duba shafukansu na intanet ana saura sati ku tashi, ka sake dubawa a daren ranar.

Bayan ta amsa kar ka yi gaggawar kiran su yaya, kar kuma ka zaro waya. Ka bar rabin awa a tsarinka wadda ba komai a cikinta, ku zauna a bencin nan ko ku taka a bakin ruwa, za ta yi ta juya hannu tana kallon zoben tana tambayarka tun yaushe ka shirya, wa da wa suka sani, ina ka ɓoye shi a jirgi, ka ba ta labarin duka. Ka sa hankici mai tsafta a ɗaya aljihun, ka kuma gaya wa mijin yayar tun farko cewa kai za ka ɗaga musu hannu in lokacin zuwansu ya yi.